Butar Silba da Ƙoƙon Iya Tabawa

Ba zan taɓa mantawa da safiyar Larabar nan ba, ranar da ɗan ƙoƙon shan koko ya kunyata ni a gaban yara arba'in da wani malami da ba mu taɓa ganin haƙoransa ba. Shekara uku ke nan da faruwar abin, amma har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi. Da butar Babana ta iya riƙe zafi kamar yadda kunnuwana suka iya, da ban sami labarin da zan ba ku ba.

Lokacin ina shekarar ƙarshe a kwalejin horon malamai, aka rarraba mu makarantun firamare mu yi gwajin koyarwa. Ni aka tura ni wata makaranta a Hayin Banki, aka ba ni aji huɗu. Daga gidanmu a Unguwar Dosa nake takawa kullum, littattafai a ƙirji, ido a sama, ina raɗa wa gizagizai sunaye. Dokar kwaleji kuwa ba ta da wasa. Malami zai zo sau biyu ya zauna a bayan aji ya ga yadda kike koyarwa. In kin faɗi duka biyun sai ki maimaita shekara, ƙawayenki su karɓi takardarsu su bar ki cikin ƙannenki.

Na farkon na riga na faɗi. Ranar lissafi nake koyarwa, sai ga shamuwa ta sauka a filin da ke bakin taga. Ni kuwa na ajiye alli, na ce yara su leƙa su gaya mini da me tafiyarta ta yi kama. (Wata ta ce da amarya, wani ya ce da alƙali. Har yau ina ganin amsoshin sun yi kyau.) Malam Haliru, wanda kwaleji ta turo, dogon Basakkwace mai farin tabarau, yana zaune a bayan aji yana kallo. A takardarsa layi biyu kawai ya rubuta: "Tana da murya mai daɗi. Ba ta koyar da lissafi ba."

Saboda haka komai ya rataya a kan zuwansa na biyu. Aka ce kimiyya zan koyar, a kan wane irin mazubi ne ya fi daɗewa da abin sha bai huce ba. Gaskiyar magana, ranar da aka yi mana wannan darasi a kwaleji ina cikin aji, amma kujerata a bakin taga take. Na tuna an zana filas a allo, an yi ta jan kibiyoyi, na kuma tuna ranar furannin bayan ɗakin karatu suka buɗe. Abin da kibiyoyin ke nufi ne ya ɓace mini. Littafin yana nan cikin akwatina, da na buɗe shi da na huta. Amma ban ga dalilin buɗewa ba, don a ganina na san amsar tun ina ƙarama.

Akwai wata butar shayi a gidanmu, ta silba, wadda Baba ya zo da ita daga Makka. Baba akawu ne a wata ma'aikatar gwamnati, ba mai son tarkace ba ne, amma wannan butar yana ji da ita. A kabad mai gilashi take zama, ba ta fitowa sai ranar Sallah ko in manyan ofishinsu sun kawo ziyara. Tana da dogon wuya kamar na balbela, da siririn baki, da ɗan murfi mai tuntu. In an goge ta da toka, kana ganin fuskarka a cikinta. Ina 'yar shekara bakwai na taɓa gefenta an zuba shayi, na yini da yatsa a cikin ruwa. Tun daga ranar na yanke hukunci a zuciyata cewa babu abin da ya kai ta riƙon zafi a duniya. Abin da ya ƙona ka daga waje, me kake zato a cikinsa?

A kan wannan hukuncin na 'yar shekara bakwai na gina darasina. Na shirya mazubi huɗu: butar silba, kofin tangaran, 'yar tukunyar ƙasa, da ƙoƙo. Za a zuba musu abu mai zafi daidai wa daida, a rufe, a jira rabin awa, sannan a auna da ma'aunin zafin da na aro daga kwaleji. Tsari mai kyau, ko ba haka ba? Abu ɗaya kawai na tsallake, ban gwada ba. Maimakon gwadawa, sai na yi abin da na fi iyawa. Na yi waƙa.

Ranar Talata, jajiberin zuwan Malam Haliru, na koya wa yara ita har suka haddace, da tafi da komai:

Butar silba sarauniya,
Zafi a cikinki ya kwana.
Ƙoƙo, ƙoƙo ɗan ƙauye,
Kunu a cikinka ya huce.

Bayan an tashi na rubuta sakamakon gwajin a gefen allo da alli mai launi, silba ta ɗaya, tangaran na biyu, tukunya ta uku, ƙoƙo na ƙarshe. (Ku lura, gwajin da ba a yi ba tukuna.) Har fure na zana a kusa da sunan silba. Na rufe wurin da tsohon mayafina, na maƙale shi a kan ƙusa. Na riga na gaya wa yara: da zarar kun ga mayafin nan ya sauka, ku fara waƙa, kada ku jira kowa. Na koma gida ina jin kamar na riga na karɓi takardata.

A ƙofar makarantar akwai wata dattijuwa mai sayar da koko da ƙosai, Iya Tabawa. Gajeriya ce, baƙa, mai tsaga uku-uku a kumatu, hannayenta duk tabon wuta. A gida take dama kokonta da asuba, ta juye a babban masaki, ta rufe da faifai, ta naɗe da tsohon zane, ta ɗauko a ka. Ƙosai ne kawai take toyawa a nan. In an tashi tara yara suka yanyame ta, ta ɗaga faifan nan, tururi yake tashi kamar yanzu aka sauke. Kullum nakan sha kokonta ina hurawa. Sati biyar ina hurawa, ban taɓa tambayar kaina a cikin me kokon ya zauna tun asuba ba.

Ranar Laraba aka wayi gari da ruwa. Ba mai ƙarfi ba, irin yayyafin nan mai sa mutum ya ji sanyi har ƙashi. Na isa makaranta da wuri, buta a naɗe cikin tawul kamar jaririya. Niyyata in tafasa ruwa a rishon ofishin hedimasta, sai na tarar lagwanin ya ƙare, ashanar ma ta sha danshi. Na yi ta ƙyastawa har na ƙarar da rabin kwali. Ganin lokaci yana tafiya, na kwashi kayana a tire na nufi wurin Iya Tabawa, wadda dama a wurinta na yi niyyar aron ƙoƙo.

"Malama, an tashi lafiya? Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara, Iya. Taimako na zo nema. Risho ya ƙi, ga malaminmu yana hanya. Ko za ki zuba mini koko a cikin waɗannan, ki kuma ara mini ƙoƙo guda?"

Ta dubi tiren, ta dubi butar, ta ɗan jima tana kallon fuskarta a ciki.

"Wannan ce sarauniyar?"

Na ji kunya kaɗan. "Kin ji waƙar ke nan."

"Ai duk Hayin Banki an ji. Jiya ta gabana suka bi suna yi wa ƙoƙona kirari."

"Ba zagi ba ne, Iya. Kimiyya ce."

"To, madalla da kimiyya. Kin dai gwada abin a gida ko, 'yar nan?"

"Ai a fili yake, ba ya bukatar gwaji."

Ba ta yi musu ba. Ta kwance zanen, ta ɗaga faifai, ta zuba ludayi bibbiyu a kowanne, ba ta rage wa wani ba. Da ta zo kan tukunyar ƙasa sai ta tsaya ta ce, "Bari in ɗan kara miki ita a bakin wuta tukuna." Na ce babu lokaci. Ta zuba. Ta ɗauko ɗan ƙaramin faifai ta rufe ƙoƙon, ta danna gefensa da babban yatsa. Ni kuma na rufe sauran. Don in kawar mata da shakka, na ce ta taɓa butar ta ji. Ta taɓa, ta janye yatsa.

"Da zafi," ta ce. "Da zafi ƙwarai. Allah ya ba da sa'a, Malama. Ki dawo mini da ƙoƙon kafin tara."

Na ɗauka ta sallama ne. Har tausayinta na ji ina tafiya.

Malam Haliru ya iso a kan babur ɗinsa, ya cire rigar ruwa ya rataya a ƙofa, ya je ya zauna a bencin yara na ƙarshe, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Ya buɗe takarda. Na jera mazuban huɗu a kan tebur, iskar damina tana shigowa ta tagar da ba ta da murfi. Na kira yara layi-layi su taɓa. Duk wanda ya taɓa buta sai ya yarfe hannu, wanda ya taɓa ƙoƙo ya ce, "Malama, wannan ba zafi." Ina gyaɗa kai, ina satar kallon Malam, ina jin daɗin yadda komai ke tafiya.

Rabin awar nan na cika ta da magana. Na ce zafi baƙo ne, yana son gida mai kyau, in ya sami gida mai ƙyalli sai ya baje kayansa ya zauna. Na ce silba 'yar'uwar farin wata ce. (Ban san inda na samo wannan ba.) Yara sun yi tsit suna saurare, don ko ba komai na iya ba da labari. Malam yana ta rubutu, ni kuwa na ɗauka yabo yake rubutawa.

Da lokaci ya cika na ɗauko ma'auni. Na ce bari in fara da na ƙarshe, mu sallame shi. Na zura shi ta gefen faifan ƙoƙo. Siririn zaren nan na cikin gilashi ya tashi, ya yi ta hawa, ya ƙi tsayawa inda na sa ran zai tsaya. Amma na ce a raina, in ƙoƙo ya kai nan, to buta sai ta fasa ma'aunin. Na goge, na sa a kofin tangaran. Zaren ya tsaya ƙasa da na ƙoƙo. A tukunya ya ƙara yin ƙasa. Sannan na ɗaga ɗan murfin nan mai tuntu, na zura ma'auni a cikin sarauniya.

Zaren ya ɗan motsa, kamar mai miƙa bayan barci, ya tsaya.

Na ciro, na goge da gefen zanena, na mayar. Bai canza ra'ayi ba. Na taɓa gefen butar da bayan hannu, na ji ɗumi-ɗumi irin na ruwan da ya yini a rana. Yara arba'in suna kallona. Babu wanda ya ga zaren sai ni.

"Malama," in ji Malam Haliru daga baya, "mi ma'aunin ya ce?"

A nan ne na yi abin da ya fi komai ba ni kunya, don haka zan faɗe shi da sauri. Na ce, "Allah gafarta Malam, ina jin ma'aunin ne ya sami matsala. Saboda damina."

Ya dube ni ta saman tabarau. "To. Harshe dai damina ba ta ɓata shi. Zubo min na butar in ɗanɗana."

Ya taso ya zo gaban tebur, ya ɗauki moɗar da muke shan ruwa da ita ya tara. Na ɗauki buta da hannu biyu, na karkata. Babu abin da ya fito. Wanda ya san koko ya san halinsa, in ya huce kauri yake yi, kuma siririn bakin nan da nake yi wa kallon wuyan balbela shi ya fara sanyi, koko ya daskare a ciki ya toshe shi. Na ƙara karkatawa. Shiru. Na ɗan girgiza. Sai murfin ya suɓuce ya faɗi ƙasa yana ƙara, kokon kuma ya biyo shi gaba ɗaya ta sama, dunƙule guda, ya wuce moɗar, ya sauka tim a kan takalmin Malam na dama.

Na ja da baya a firgice. Kafaɗata ta taɓa mayafin da ke kan allo. Ya zame daga ƙusa, ya sauka a hankali har ƙasa.

Yaran nan masu biyayya ne. Abin da na ce su yi shi suka yi, ba su jira kowa ba.

"Butar silba sarauniya, zafi a cikinki ya kwana..."

Murya arba'in, da tafi, babu wanda ya yi kuskuren baiti. Malam Haliru yana tsaye da moɗa wayam a hannu, koko mai sanyi a ƙafa, yana karanta sakamakon da na rubuta tun jiya, har da furen. Ni kuma ina riƙe da buta a kife. Na roƙi Allah a raina simintin ajin ya tsage in shige, bai tsage ba. Suka kai ƙarshe suka sake ɗaukowa daga farko, don na koya musu sau biyu ake yi.

Suna cikin zagaye na biyun aka yi sallama ta taga. Iya Tabawa ce, ta ɗora buhu a ka saboda yayyafi.

"Malama, in an gama da ɗan ƙauyen a ba ni. Masu shan koko sun kusa fitowa."

Na ga kafaɗun Malam sun motsa sau ɗaya. Ban san ko tari ba ne.

Ban san daga ina ƙarfin ya zo mini ba. Wataƙila don na ga babu sauran abin da zan kare. Na ajiye buta, na ɗaga hannu yara suka yi shiru. Na ce, "Waƙar nan ba gaskiya ba ce. Ma'auni kuma lafiyarsa ƙalau, ƙarya na yi masa. Ni ce ban gwada ba kafin in koya muku. Ƙoƙo ne ya zo na ɗaya, buta ta ƙarshe, kuma ni malamarku ban san dalili ba." Sannan na juya taga. "Iya, don Allah ki shigo ki gaya mana."

"Ni? 'Yar nan, ban taɓa taka ɗakin karatu ba."

"Shigo, Hajiya," in ji Malam. "Yau ki taka."

Ta zagayo, ta tuɓe takalmanta a bakin ƙofa kamar za ta shiga ɗakin surukai, ta gaida Malam, ta gaida yaran da kullum suke rige-rigen miƙa mata hannu. Ta zo gaban tebur ta ɗaga ɗan faifan. Tururi ya tashi, fari, a cikin sanyin nan, ya yi sama a hankali. Ban taɓa ganin abin da ya kai shi kyau ba, ni da na ɓata shekaru ina kallon gizagizai. Ta miƙa wa Malam ƙoƙon da hannu biyu. Ya kurɓa, ya yi saurin janye baki, ya hura.

"Wanga kam da zafi," ya ce.

Na yi zaton Iya za ta rama. Tana da dama, an yi wa kayan sana'arta waƙar reni a unguwarsu. Amma sai ta fara da kanta.

"Kada ku yi wa Malama dariya," ta ce wa yara. "Ni ma na yi irin nata, nawa ma ya fi. Shekarar da na zo Kaduna na ga matan birni da fanteka mai fure, na ce ni ma na bar ƙwarya. Na zuba kokona a fanteka, na ɗora a ka zan kai tashar Kawo. Kafin in isa, tsakiyar kaina ta kusa dahuwa, duk da gammo. Da na sauke na buɗe, koko ya huce. Kaina ya sha zafin, masu saye suka sha sanyin."

Yara suka kwashe da dariya. Ta jira suka gama, ta ɗora tafin hannu a kan butar.

"Zafin da kuka ji a jikin wannan ɗazu, fita yake yi. Ƙarfe ba ya riƙe abu, yana karɓa yana miƙa wa iska. Shi kuwa ƙoƙo, kun taɓa kun ji ba zafi, ko? To ai don bai bar shi ya fito ba ne. Yana can ciki."

Ta ciro ludayinta daga ƙugu, wanda bakinsa ya ɗan gutsure, ta bi layi tana nuna musu wurin gutsuren. "Ku duba naman. Ba kamar soso yake ba? Haka Allah ya yi duma." Ta dawo kan tukunya ta ƙwanƙwasa ta da farce. "Wannan tana da riƙo, amma sai ta ƙoshi. In ka zuba mata abu tana da sanyi, nata rabon take fara sha. Ka kara ta a wuta tukuna, ka ga aiki. Tangaran kuma ɗan'uwanta ne, birni kawai ya je aka shafa masa mai. Kuma ko a me ka zuba, in ka bar shi a buɗe ka yi aikin banza, ta sama zai gudu."

Tana magana ina jin wani abu yana warwarewa a kaina. Soso. Ƙananan ramuka. Iska a kulle a cikinsu. Sai ga zanen filas ɗin nan na kwaleji ya dawo mini, da bangonsa biyu da sarari a tsakani, da kibiyoyin da suka kasa tsallakawa. Abin da na kasa ɗauka daga allo, na ɗauke shi daga bakin ludayi.

Na ɗauki tsumma na goge sakamakona, furen ne na fara gogewa. Na zana gefen ƙwarya da 'yan ramukanta, na zana na ƙarfe babu ko ɗaya. Na tambayi yara, me ya sa a gida ake tuƙa tuwo da muciya ba da ƙarfe ba? Hannaye suka tashi. Me ya sa cokali ke ƙona baki a kunu, ludayi ba ya ƙonawa? Me ya sa mariƙin butar nan aka naɗa masa baƙin abu? (Shekara goma sha uku ina kallon mariƙin nan, sai ranar na gan shi.) Suna ta ba da amsa, Iya tana tsaye a gefe tana cewa "yauwa" in an faɗi daidai, har aka buga ƙarfen tara. Ta kwashi ƙoƙonta da faifanta da gudu, don yara sun riga ta fita.

Na sami Malam Haliru a baranda yana goge takalmi da ganyen mangwaro. Na durƙusa na ba shi haƙuri, ina jiran in ji an ce sai baɗi.

"Ɗiyata, kuskure biyu kika yi," ya ce. "Kin koyar da abin da ba ki gwada ba. Sannan kin ɗora wa ma'auni laifi. Na biyun ya fi muni."

"Haka ne, Malam."

"Amma da bakinki kika janye shi, a gaban yara. Kuma kin san wanda ya fi ki sani, kin kira shi." Ya ninke takardar ya sa a aljihu. "Kin tsallake. Da ƙyar. Da takardar nan tana da gurbin suna biyu, na mai koko zan fara rubutawa."

Ya hau babur. Kafin ya tayar ya waiwayo ya ce, "Waƙar dai ta yi daɗi." A nan na ga haƙoransa. Ashe har da wushirya.

Da na koma gida na ba Inna labari, ina nuna mata inda murfin ya ɗan lotsa. Ta yi dariya har ta share hawaye da bakin zane. "Ke duk shekarun nan kina zaton don ado nake lulluɓe ta da tawul in na kai wa baƙi?" Ashe a gidanmu ma ni kaɗai ce ban sani ba.

Washegari na koya wa yara sabuwar waƙa, wadda ƙoƙo ne sarki a cikinta. Ta fi ta farko ma'ana, ta fi ta gaskiya, kuma babu wanda ya riƙe ta ko na sati guda. Ta farkon ce ta kama. Yanzu ina koyarwa a Malali, na sami takardata, amma duk sanda na bi ta Hayin Banki in gaida Iya Tabawa, sai na ji 'yan mata suna tafa hannu da ita a bakin famfo, waɗanda ba su ma shiga makaranta ba lokacin. Na taɓa ba Iya haƙuri a kan haka. Ta miƙo mini ƙoƙo cike, ta ce, "Bar su su yi. Sha kafin ya huce." Sannan ta yi murmushi, don ni da ita mun san ba zai huce da wuri ba.

Tun daga ranar ba na shiga aji da abin da ban taɓa da hannuna ba. In kuma ya zama dole in yi kuskure, to da alli nake yin sa, wanda tsumma ke gogewa. Ban sake sa masa waƙa ba.